Ba a bita ake tsayar da jinin mai jego ba

Jama'ar Zamfara, musamman ma'aikatan lafiya da masu riƙe da kasafin kuɗinmu, ina da magana a kan zubar jini bayan haihuwa.

A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, wato ba aikin Turawa ba ne su kaɗai. Abin da aka gwada ba wata na'ura ce mai tsada ba. Leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace tana gama haihuwa, jinin ya riƙa taruwa a ciki. Da ya kai rabin lita, ungozoma ba ta tsaya kintace da ido ba, sai ta haɗa komai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, maganin tsayar da jini na tranexamic acid, ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin.

To me ke hana irin wannan isa ɗakin haihuwa na ƙauye? Mun saba. A kira bita a otal a Gusau, a raba jaka da alawus, a ɗauki hoto. Sau tari wanda ya halarta ma ba shi ke karɓar haihuwa ba. Ita wadda ke kwana da mai naƙuda a ƙauyukan Anka ko Tsafe sai dai ta ji labari, kuma ko ta ji, da me za ta yi aikin? Ba leda, ba magani a kabad. Oxytocin kuwa sai da firij, zafi na kashe ƙarfinsa, ga rani irin namu, ga wuta sai a hankali. Tun 2018 aka ba da shawarar carbetocin mai jure zafi, allurar kare zubar jini da ke aiki irin na oxytocin, saboda wurare irin namu.

Ban ɗora wa ungozoma laifi ba. Ma'aikaci yana bin abin da shugabansa ke tambaya ne. In babbar ungozoma tana tambaya kowace safiya, "Nawa aka auna jiya?", cikin wata guda awo zai zauna.

Ranka ya daɗe Kwamishina, da ku 'yan majalisar jiha: ku sa ledar da magungunan nan cikin kasafi da sunansu, kada a bar su ga ƙungiyoyin agaji da ke tafiya in wa'adinsu ya cika. Koyarwar kuma a kai ta bakin gado a ƙananan hukumomi 14, a kan aiki, har da masu kwanan dare. Tranexamic acid sai an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa yake amfani, kuma kun san yadda hanyoyinmu suke da daddare. Dole ya kasance a inda matar ta haihu.