Ku bar masu shan maganin damuwa su cika satuttukansu

Jama'a dan Allah ku daina ce wa mai shan maganin ciwon damuwa "ai ka sha sati guda ba wani canji, watsar da shi kawai". Maganar nan tana min ciwo wallahi, mutum ya daina cin abinci, ƙarfe uku na dare idonsa biyu, wanka ma sai an yi da gaske, da kyar aka lallaɓa shi ya ga likita, sai kuma 'yan uwa su zuga shi ya ajiye magani wai dama rashin tawakkali ne ko iska ce ta taɓa shi.

An daɗe ana cewa sinadarin serotonin ne ke yin ƙasa a ƙwaƙwalwa shi kenan. To amma magani irin su fluoxetine cikin awoyi kaɗan yake ƙara serotonin ɗin, shi kuwa mara lafiya sai ya yi sati biyu, huɗu, wani har shida kafin ya fara dawowa hayyacinsa, in da serotonin ne kaɗai ai da washegari zai tashi garau. Wannan jinkirin na cikin abin da ya sa masu bincike suka juya kan sinadaran da ke raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda aka fi bincika a cikinsu shi ne BDNF, wani furotin da masana kimiyya Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace daga ƙwaƙwalwar alade a Jamus a 1982. Aikinsa kamar na taki ne a gona, yana sa ƙwayoyin su rayu su fid da rassa su riƙa haɗuwa da juna.

A 1995 Ronald Duman da abokan aikinsa a jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa in aka ba ɓeraye maganin damuwa na satuttuka BDNF na ƙaruwa a hippocampus, wato sashen da ke da hannu a tunawa da daidaita tashin hankali, amma bayarwa sau ɗaya ba ya yin haka. Matsin rayuwa mai tsawo kuma rage BDNF ɗin yake. A 1996 wata likita mai bincike, Yvette Sheline, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matan da ciwon ya sha dawo musu, ta ga sashen nan ya ɗan ƙanƙance a kan na masu lafiya. Kun ga kenan abu ne da ya taɓa naman jiki, kuma gyaran rassan da suka lalace ba a kwana uku ake yinsa ba.

Gaskiya dai yawancin hujjojin daga dabbobi suka fito, BDNF kuma ba shi kaɗai ba ne labarin, gado da talauci da rashi da cin zarafi duk suna ciki. Kuma duk wanda ya ce zai auna muku shi a jini ya gano kuna da damuwa, ko yana tallan wani garin ƙara BDNF a Facebook, kuɗinku yake so, domin na cikin jini yawancinsa a ƙwayoyin daskarar da jini yake ajiye, ba likitan da ke gano ciwon da shi. Motsa jiki dai an ga yana ƙara BDNF ɗin, shi ya sa nake ganin raka ɗan uwanka tafiyar yamma ya fi masa amfani a kan dogon faɗa.

A yi addu'a, a sha magani a kan lokaci, in an kai sati huɗu zuwa shida ba sauƙi a koma wajen likita ya ƙara ko ya canza, kar a yanke shi lokaci guda. In kuma mutum ya fara zancen gara ya mutu, ranar za a kai shi asibiti, ba jiran sai magani ya kama.