Ranar da Tuffa Ta Yi Faɗa da Man Gyaɗa

Ƙanwata ce ta jawo. Ta turo mini bidiyon wani shago a Atina, babban birnin Girka, ana tsamo wasu 'yan dunƙule-dunƙule jajaye daga mai, ana kwarara musu zuma, ana barbaɗa kirfa da dakakkiyar gyaɗarsu ta walnut. Sunansu lukumades. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, ke da kike cika baki da girki, ga fili ga mai doki."

Kwaɓin ba shi da wata wahala: fulawa, yis, ruwan ɗumi, gishiri kaɗan, sai ɗan sukari don yis ya samu abin ci. Zaƙin duka daga baya yake zuwa, idan an tsamo an jiƙa da ruwan zuma. Nan ya bambanta da fankenmu mai sukarinsa a ciki, kuma wannan bambancin na rinƙa maimaita wa duk wanda ya leƙo kicin ya ce, "Au, fanke ake yi?"

An ce a rufe kwaɓin kamar awa guda har ya ninka biyu. Wanda ya faɗi haka bai san Kano a watan Afrilu ba. Kafin in idar da sallar la'asar ya ture murfin roba, ya gangaro kan kanta, yana neman hanyar ƙasa.

A nan ne dabara ta zo mini. Akwai masu sa tuffa a ciki, to me zai hana? Na ɗauko magogin kuɓewa na gurza tuffa, na dama ayaba da ta fara baƙi, na juye duka da ruwansu. Kwaɓin da dama can ruwa-ruwa ne sai ya tsinke tsululu.

Yadda mutanen Girka suke yi shi ne a damƙi kwaɓin a tafin hannu, a matse, ya fito ta tsakanin babban yatsa da manuniya, a kwashe da cokali jiƙaƙƙe a jefa a mai. Nawa da na matse, ta duk tsakanin yatsu biyar ya fito, wani ya bi guiwar hannu. Mai kuma ana so ya kai zafin digiri 170 zuwa 180. Ni ma'aunina ɗigon kwaɓi ne, in ya taso da sauri shi ke nan. Ya taso da sauri ƙwarai.

Ruwan tuffa yana haɗuwa da man gyaɗa sai tas-tas-tas! Na ja baya na kare fuska da murfin tukunya, ina miƙa cokali daga nesa ina salati. Autana yana bakin ƙofa yana raɗa wa kowane suna: "Umma, wannan kaza ce. Wannan taswirar Najeriya, har da Tafkin Chadi." Zagayayye ko ɗaya babu. Sukarin ayaba ya sa waje ya yi baƙi cikin ƙiftawar ido, ciki kuwa ɗanye sharaf.

Abbansu ya shigo, ya ɗauki ɗaya, ya tauna a hankali yana kallon silin.

"Yaya ka ji?"

"Ma sha Allah," in ji shi. "Da zafinsa."

Ana cikin haka Hajiya ta yi sallama. Surukata ba ta yi alƙawarin zuwa ranar ba, amma hayaƙi ya yi mata jagora har kicin. Na durƙusa na gaishe ta da murfin tukunya a hannu, na fara bayanin Girka. Ta dubi kwaɓin, ta dubi wayar.

"Ke, wannan ai luƙaimat ne. Da muka je Umrar azumi kullum da shi ake buɗa-baki. Wane ne ya ce ki zuba masa lambu a ciki?"

Ta naɗe hannun riga. Ta ƙara fulawa har kwaɓin ya kama jikinsa, ta sa na gurza wata tuffar, ta matse ta a tsumma mai tsabta sai da ta bushe kafin ta zuba kaɗan. Ta rage wuta. Cokali ma ba ta nema ba, yatsu kawai, tana jefawa suna tasowa zagaye suna juya kansu. Ni aka bar wa dafa zuma da ɗan ruwa da sandar kirfa, aikin da ko autana zai iya. Walnut ba mu da shi, soyayyen riɗi da gyaɗa suka tsaya masa. Ta yayyanka sauran ayabar a sama, ta ce nan ne wurin zamanta.

Na ci ɗaya. Waje ƙarau, ciki iska, zuma ta ratsa. Ina miƙa hannu na biyu ta ce in ɗauko mata kula, Alhaji yana son irin wannan da shayi. Ta kwashe zagayayyun kaf. Aka bar mana kaza da taswirar Najeriya.

Man da ya saura ban zubar ba, da tsadar man gyaɗa wa zai zubar? Washegari na soya kifi da shi. Abbansu ya kai loma ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Kifi da ƙamshin ayaba. Wannan ma na Girka ne?"