Jita uku na saya, duka ukun na sayar da asara

Jiya na rabu da jitar bas ɗin nan mai tsirkiya 5. Wanda ya saya bai ba ni ko rabin abin da na biya ba, amma na karɓa, don na gaji da ganinta jingine da bango tana shan ƙura. Ita ce ta uku da na sayar haka, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Don Allah me ya hana masu sayar da kayan kiɗa a intanet faɗin nauyin abu? Za su rubuta maka irin katako da launi, su jera hotuna suna ƙyalli, amma maganar nauyi shiru kake ji. Da ta iso na ɗora ta a sikeli, ta haura kilo 5. Rataya wannan a kafaɗa awa biyu ka ji yadda bayanka zai yi! Ga kanta ya rinjayi jikinta: da ka saki wuyan sai ya sunkuya ƙasa, hannun hagu da ya kamata ya yi kiɗa ya koma tallabe. Tun 1951 maƙerin jita Leo Fender ya fito da jitar bas mai suna Precision Bass mai tsirkiya 4, makaɗa suna aiki da irinta har gobe, amma masu bidiyon talla suka hure mini kunne wai sai mai biyar.

Ta biyu jitar lantarki ce mai gada mai lilo (gada ita ce ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita), wadda sifirin da ke bayanta ke jayayya da tsirkiyoyi. Ba wanda ya gaya mini cewa in ɗaya ta tsinke, sauran biyar ɗin duk sai saitinsu ya watse. Ta yi mini haka a tsakiyar wasa, mutane suna kallo. Ban ƙara fita da ita ba.

Amma wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta farko, ta katako, ta hannu. "Kamar sabuwa," in ji mai ita. Na dawo gida na danna tsirkiya, sai zizar ƙarfe, kamar an kulle ƙuda a gwangwani. Na canza tsirkiyoyi, bai hana ba. Na kai wa mai gyara, ya ɗaga ta daidai ido, ya kanne ɗaya yana bin wuyan da kallo, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana gyara lanƙwasa gaba ko baya ne kawai, wannan kuwa murɗewa ta yi, kuma kuɗin aikin zai fi kuɗin jitar.

Mutumin nan da ya sayar mini ya sani. Ba yadda za a yi ka kaɗa abu shekara da shekaru ba ka ji wannan zizar ba. Na kira shi, ya ce ai na gani da idona kafin na biya. Daga nan ya daina ɗaukar waya. Wannan ba ciniki ba ne, ha'inci ne!

Da na tashi sayar da ita, ban iya yi wa wani abin da aka yi mini ba. Na rubuta ƙarara cewa wuyanta a murɗe yake. Wata biyu ba wanda ya taya, sai wani mai neman kayan gyara. A gabana ya kwance kunnuwan ɗaure tsirkiya shida, ya zuba a aljihu, ya tambaye ni ko ina son gangar jikin.