Birnin madubi a hamada da masu zanen da suka manta da rana

Tun lokacin da kafar labarai ta Bloomberg ta ba da rahoto, a watan Afrilun 2024, cewa mahukuntan Saudiyya sun rage burinsu a kan The Line, sabon birnin da suka shirya ginawa a kan miƙaƙƙen layi ɗaya a hamada, har abin da ake sa ran kammalawa kafin 2030 bai wuce kilomita 2.4 ba daga cikin kilomita 170 da aka alkawarta, masu sharhi suka yi ca a kan batun kuɗi. Wasu suka ɗora laifin a kan farashin man fetur, wasu suka ce asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar ne ya ɗebo da zafi. Abin da ya ba ni haushi a cikin wannan hayaniya shi ne yadda kusan kowa ya bar zanen birnin ya wuce salin alin, tamkar dai da a ce kuɗin sun wadata, da an samar da wurin da ɗan Adam zai so ya rayu a ciki. Ni a ganina ƙarancin kuɗin rahama ce, domin cutar tana cikin tunanin da ya haifi zanen, kuma wannan tunani ya riga ya bazu zuwa biranen da ba su da ko kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin Saudiyya.

Abin da aka nuna wa duniya a 2022 shi ne dogayen gine-gine guda biyu masu fuskar madubi, tsayinsu mita 500, faɗin birnin baki ɗaya mita 200, sun miƙe sambal daga gaɓar Bahar Maliya zuwa cikin duwatsu, kuma aka ce mutum miliyan 9 za su zauna a ciki. Ba a buƙatar digiri a fannin tsara birane kafin a gano inda gizo ke saƙar. Idan aka jera mutane a kan layi ɗaya, aka zaɓi biyu daga cikinsu ba tare da wani tsari ba, matsakaicin nisan da ke tsakaninsu zai zama sulusin tsawon layin, wato kimanin kilomita 57. Da a ce wannan fili mai faɗin murabba'in kilomita 34 an tattara shi wuri ɗaya kamar yadda birane suka saba zama, da mutum zai iya ratsa shi daga gefe zuwa gefe a kan keke cikin ƙasa da awa ɗaya. An kuma yi alkawarin jirgin ƙasa da zai kai mutum daga wannan ƙarshe zuwa wancan cikin minti 20, wanda ke nufin gudun sama da kilomita 500 a awa ɗaya ba tare da tsayawa a ko da tasha ɗaya ba. To, mazaunan tsakiya fa, a ina za su hau? Amfanin birni tun asali shi ne ya kusantar da mutane da junansu, ɗalibi da makaranta, maras lafiya da asibiti, mai sana'a da masu saye, amma wannan zane ya zaɓi siffar da ta fi kowace nesanta su.

Wani abin takaicin shi ne yadda ake tallata shi a matsayin sabon tunani, alhali tsohon kuskure ne aka yi wa sabon fenti. A 1882 Arturo Soria ya gabatar da tsarin birni mai layi ɗaya a Madrid ta ƙasar Sifaniya, kuma abin da aka iya ginawa bai wuce kusan kilomita 5 ba kafin garin ya haɗiye shi. Fitaccen mai zanen gine-gine Le Corbusier ya zana wa birnin Aljas na ƙasar Aljeriya wani dogon gini mai babbar hanyar mota a kan rufinsa a shekarun 1930, Allah Ya taimaki mutanen garin ba a gina ba. Wanda aka gina shi ne Brasília, babban birnin ƙasar Brazil, da aka buɗe a 1960 bisa tsarin Lúcio Costa da gine-ginen Oscar Niemeyer. Daga sama tana da siffar jirgin sama mai ban sha'awa, amma a ƙasa an yi ta ne don mota, kuma leburorin da suka gina ta sun ƙare a garuruwan bayan gari irin su Taguatinga. Yau mafi yawan mazauna yankin suna zaune ne a wajen ainihin birnin da aka zana.

Batun madubin ya fi damuna, domin shi ne ɓangaren da ake kwaikwaya a ko'ina. Daga Dubai zuwa Mumbai, daga Legas zuwa Jakarta, dogon gini mai lulluɓin gilashi ya zama tambarin ci gaba, duk da cewa salon ya taso ne a ƙasashe masu sanyi inda ake marmarin hasken rana. Ko a can ma ya sha jawo abin kunya. A 2013 wani dogon gini da ke lamba 20 a titin Fenchurch a Landan, wanda Rafael Viñoly ya zana, ya riƙa tattara hasken rana da lanƙwasasshiyar fuskarsa yana harba shi kan titin da ke ƙasa, har ya narkar da wasu sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye, sai da aka bi fuskar ginin aka girka mata abin tare rana. Wannan a Landan ke nan, garin da ya yi suna wajen hazo da yayyafi. Gini irin wannan a ƙasa mai zafi yana shan rana yini guda, ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma na'urar zafin da ta kwaso daga ciki take amayarwa a kan titi, a kan mai tafiya a ƙasa da mai jiran mota. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa yawan waɗannan na'urori zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050. Duk mai zanen da ya ƙara bangon gilashi a ƙasa mai zafi ya san da wannan lissafi, kuma ya zaɓi ya kau da kai.

Masu kare irin waɗannan ayyuka suna cewa babu babban abin da aka taɓa ginawa ba tare da an fara kiran sa hauka ba, kuma fasahar gilashi da lantarkin hasken rana za su magance zafin. Wannan hujja ce ta wanda ya kunna wuta da hannunsa sannan yake alfahari da ingancin motar kashe gobara.

Tushen matsalar, a fahimtata, shi ne yadda ake yanke shawarar gina birane a yau. Ana shirya hotunan kwamfuta masu ɗaukar ido, kullum daga sama, kullum da yamma lokacin da rana ta yi sanyi, a nuna wa shugaba ko attajirin da zai biya, shi kuma ya zaɓi wanda ya fi burge shi. Ba a taɓa nuna masa titin da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar bazara ba, ba a nuna masa tsohuwar da za ta tsallaka layin mota takwas ba. Manyan kamfanonin zane na Turai da Amurka sun san haka sarai, amma suna karɓar kwangila su yi gum. Mutanen ƙabilar Huwaitat da aka tasa daga ƙauyukansu domin aikin NEOM, wato babban shirin da The Line yake cikinsa, ba su fito a cikin ko ɗaya daga cikin hotunan ba, haka ma tsuntsayen da ke ƙaura ta wannan hanya kowace shekara, waɗanda aka shirya kafa wa katangar madubi a gabansu.

Ga wanda ke son ganin sabon tunani na gaskiya, ya dubi makarantar firamare da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya kammala a Gando ta Burkina Faso a 2001. Ya yi bangon da tubalin ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti, wanda ke jinkirta shigar zafi. Ya ɗaga rufin kwano sama a kan siraran ƙarafa, nesa da silin na tubali mai ƙofofin iska, ta yadda iska mai zafi ke tashi ta fice, mai sanyi kuma ta shigo ta tagogi. Rufin ya zarce bangon sosai, yana kare shi daga ruwan sama, yana kuma shimfiɗa inuwa inda yara ke zama. Babu na'urar sanyaya ɗaki ko ɗaya. Aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 2004, kuma a 2022, shekarar da aka baje kolin zanen The Line, Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta duniya a fannin zanen gine-gine. Magina a Shibam ta Yaman sun san wannan ilimi tun ƙarnuka da suka wuce, inda dogayen gidajen ƙasa suka matsu da juna har kowane gida yana yi wa lungun da ke gabansa inuwa.

Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da hukumomin tsara birane a ƙasashe masu zafi za su ɗauki inuwa a matsayin abin more rayuwa, daidai da ruwan famfo da magudanar ruwa. A ƙayyade yawan gilashin da za a yarda a sa a fuskar ginin da ke kallon gabas ko yamma, a wajabta baranda da bishiyoyi a gefen manyan tituna, kuma kada a amince da zanen wata sabuwar unguwa sai mai zanen ya nuna inda mai tafiya a ƙasa zai fake da tsakar rana. Makarantun koyar da zanen gine-gine su ma suna da nasu alhakin, domin muddin suna ba da maki mafi yawa ga ɗalibin da ya zana hasumiya mai ƙyalli, to su ne ke yaye waɗanda za su zana The Line na gaba, kuma wannan karon wataƙila a ƙasar da ba ta da kuɗin biyan wutar da za ta sanyaya shi.