Ranar da 250 ta tsallake ni

Har yau in na ga lamba 250 sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Na tara mutanenmu ne zan nuna musu abin da na haɗa a Pure Data, manhajar nan ta Miller Puckette wadda ba ka zama rubuta dogayen layuka, sai dai ka jera akwatuna ka ja zare daga wannan zuwa wancan. Tsarin nawa ko yaro zai gane. Akwatin line zai ƙirga daga 0 zuwa 1000 cikin daƙiƙa biyar, ƙarƙashinsa na ɗaura akwatin sel, na ce da zarar ya ga 250 ya buga ƙararrawa. Da daddare na gwada: na rubuta 250 da hannuna a akwatin lamba, ƙararrawa ta amsa. Na kwanta ina jin babu ya ni.

Washegari kowa ya zauna. Sai da na yi jawabi, wannan ne abin da ya fi ƙona min rai. Na ce su kasa kunne, har na ɗaga yatsa ɗaya sama kamar mai ba da umarni, sannan na danna. Lambobi suka zuba a guje, suka kai 1000 suka tsaya. Tsit. Yatsana na nan a sama. Ban san yadda ake sauke yatsa a irin wannan hali ba, sai na karkatar da shi na sosa ƙeya, wai daman can nan za shi. Na ce, "Wannan gwaji ne." Na sake dannawa, yatsan kuma ya sake tashi da kansa, wallahi ban aike shi ba. Tsit. Karo na uku har da ƙirga musu, ɗaya, biyu, uku. Wani daga baya ya yi tari, biyu suka juya suna tambaya ko ita ce ƙararrawar.

Nan fa mutuminku mai tabarau ya miƙe. Kun san shi, wanda bai taɓa ganin abu ya lalace ya ce bai san dalili ba. Ya ce, "Malam, ni a ganina lasifika ce." Na ce lasifika lafiyarta lau. Bai saurare ni ba, ya shige ƙarƙashin tebur, ya zare waya ya hura mata iska ya mayar, ya murɗe ƙarar har ƙarshe, ya fito yana kakkaɓe gwiwa kamar wanda ya gyara jirgin sama. Mutumin da cajata ke hannunsa tun bara! Duk lokacin da na tambaya sai ya ce tana ɗaya jakar. Jaka nawa gare shi? Na taɓa ganin cajar da idona a motarsa, ya ce ai irinsu ɗaya ne, alhali tabon da na yi mata da biro yana nan yana kallona.

Ƙanena ne, wanda na kawo don ya riƙe min jaka, ya matso ya ce a hankali, "Yaya, sa print ka ga abin da ke fitowa." Na sa don dai in kore shi. Sai ga su a jere: 244, 248, 252, 256.

"Yaya, ai ba ta taɓa zuwa ba."

Ashe line ba duk lamba yake furtawa ba. In ba ka ce masa komai ba, duk bayan milisakan 20 yake fitar da guda. Daƙiƙa biyar ke nan taku 250 cif, abin haushi, kowane taku kuma tsallen huɗu ne. Shi ko sel ba ya san "kusa", sai lambar da ka ba shi daidai. Na aje mai gadi a ƙofa yana jiran baƙon da ya bi ta kan katanga.

Na ce wa yaron daman na sani. Na cire sel ɗin, na sa akwatin >= 250, wanda ke ba da 1 in lamba ta kai ko ta wuce, na bi shi da sel 1. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Na danna.

Na manta duk lambar da ke bayan 250 ita ma ta wuce 250. Ƙararrawa ta shiga bugawa sau 50 a daƙiƙa, a lasifikar da mai tabarau ya ƙure. Ba ta ma yi kama da ƙararrawa ba, kuka ne irin na injin da aka shaƙe. Wata ta saki wayarta a ƙasa. Mai tari ya kai ƙofa. Mai tabarau kuwa ya harɗe hannu ya ce, "Ban gaya muku lasifika ce ba?"

Abin da yaron ke son faɗi akwati ɗaya ne, change, a saka shi tsakani. Ba ya barin lamba ta wuce sai ta bambanta da ta baya, don haka 1 ɗin farko kaɗai ke fita. Ya sa, ya danna, ƙararrawa ta buga sau ɗaya tak, ras. Aka tafa masa, da jakata a kafaɗarsa.

An ce akwai bidiyo, kuma wai daga yatsan aka fara ɗauka. Ban nema ba. Na dai tura wa mai tabarau saƙo a kan caja, ya ce zai duba ɗaya jakar.