Ranar da lissafin Auta ya kayar da ni

Shekara 21 ke nan ina sayar da albasa a Kumasi, kuma ba a taɓa cutata ko da pesewa ɗaya ba. In motar albasar Galmi ta iso daga Nijar, kafin direba ya kashe inji na gama lissafin buhuna, kuɗin dako da ribata, duk a ka. Shi ya sa da Auta ta zo bayan sallar isha da littafinta ta ce, "Baba, aikin gida ya gagare ni," sai na gyara zama a kan tabarma, na ce abin nema ya samu. A daren an ɗauke wuta a Aboabo, da fitilar waya muka yi aikin.

Tambayar farko: 3x + 4 = 19. Na ce mata ki bar ganin wannan x ɗin, buhu ne ya ɓoye fuska. Buhu uku da kuɗin ɗan dako sidi 4 sun kama 19. Sallami ɗan dako, saura 15, raba gida uku, kowane buhu 5. Ta duba, daidai. Nan fa kaina ya kumbura, na shiga yi mata wa'azi cewa kalmar aljebra ma daga Larabci take, daga littafin Alkhawarizmi na Bagadaza, saboda haka gadonmu ne. Ta biyu alwatika ce mai kusurwa 90 da 35. Ita ta tuna min cewa jimillar ukun 180 ce, ni kuma na cire na ba ta 55 kamar da ma na sani.

Sai ta uku. A wani aji akwai yara 40. Guda 25 suna son waakye, wato shinkafa da wake, 20 suna son koko da ƙosai, 10 suna son duka biyun. Nawa ne ba sa son ko ɗaya? A ƙasa an zana da'ira biyu sun hau juna kamar faranti a kwandon wanke-wanke, ga wata alama ∪ kamar ƙoƙo a buɗe, ga wata ∩ kamar an kife shi.

Na haɗa 25 da 20 da 10, na samu 55. Yara 55 a ajin mutum 40! Na sake haɗawa, 55. Auta ta ce, "Baba, malam ya ce ƙoƙon da aka kife yana nufin..." Na ɗaga mata hannu. Na karɓi biro, na rubuta a ƙasan shafin da hannuna: Malam, don Allah a sake ƙirga yaran nan. Har da sa hannu.

Kashegari ta dawo ko sallama ba ta yi da ƙarfi ba. Ashe malam ya karanta wa ajin gaba ɗaya wasiƙata, ya kuma tashi ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, wai don ya cika umarnin Baba. Yara har da masu faɗuwa daga benci.

Uwargida tana tankaɗe gari tana jinmu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ƙanenka da yake cin tuwo a nan, ya zagaya ya sake ci a ɗakin Hajiya, in ana ƙirga mutanen gida, mutum biyu ne?" Na ce ɗaya ne, sai dai cikinsa biyu. Ta ce to goman nan su ne ƙanenka. Suna cikin 25, suna cikin 20, ka ƙirga su sau biyu, ka kuma ƙara musu na uku. Haɗa 25 da 20, 45, cire 10, saura 35. Daga 40, biyar ne suka rage a wajen faranti.

Na yi tsuru-tsuru. Don in ɗan wanke kaina na ce, to su biyar ɗin 'ya'yan wane ne, da ba sa cin waakye ba sa shan koko a garin nan? Ba wanda ya tanka min.

Baɗi Auta za ta rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Har yanzu tana kawo min littafin kowane dare, amma sai ta dafe shafin da tafin hannu, ta bar min layin ƙasa kawai: "Baba, nan za ka sa hannu."