Ƙishirwa a ƙasar sanyi

Tun zuwana ƙasar nan mai sanyi, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda kowa ke yawo da gorar ruwa, wasu ma har da zane a jikinta mai nuna awon da za a sha kowace awa. A inda na taso, cikin zafi, ba mai ƙirga ruwa. Ƙishirwa ta kama ka, ka sha, shi ke nan. Na daɗe ina ganin mu ne da gaskiya, kuma har yau ban sauka daga kan wannan ra'ayi gaba ɗaya ba.

Ƙishirwa daga ƙwaƙwalwa take tasowa, maƙogwaro ɗan aike ne kawai. A wajen da ake kira haifotalamos akwai ƙwayoyin da aikinsu ɗanɗana jini. Da zarar gishiri ya ɗan yi yawa a jinin, ko da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, sai su tayar maka da ƙishi, a kuma saki sinadarin basofiresin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu. Tun shekarun 1950 wani masani ɗan Suwidin, Bengt Andersson, ya sa ruwan gishiri a wannan wuri cikin ƙwaƙwalwar awaki, sai ga su suna ta kwankwaɗar ruwa alhali a ƙoshe suke. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne yadda ƙishin ke kwantawa tun ruwan bai kai jini ba. Baki da maƙogwaro da hanji suna aika labarin abin da ya wuce, ƙwaƙwalwa ta yi lissafi ta ce ya isa. Wace gora ce za ta iya wannan awo? Ɗirkar ruwa fiye da kima ma yana da haɗari, domin yana tsinka gishirin jini, kuma ya taɓa kashe masu gudun dogon zango.

Sai dai hunturu ya koya mini abin da zafi bai koya mini ba. In sanyi ya tsananta, jijiyoyin fata kan tsuke, jini ya taru a tsakiyar jiki, sai ƙwaƙwalwa ta zaci ruwa ya wadata. Ƙishi ya ragu, fitsari ya ƙaru, ga busasshiyar iskar na'urar ɗumama ɗaki tana ɗebe danshi a kowane numfashi. Shekarata ta farko na sha ciwon kai, ban san rashin ruwa ba ne, don ko sau ɗaya ban ji ƙishi ba.

Yanzu da safe launin fitsari nake dubawa, in ya yi duhu in sha ko ban ji komai ba. Waɗanda suka fi damuna su ne tsofaffi, domin ƙishinsu kan dusashe da shekaru, a zafi ko a sanyi. Su a riƙa miƙa musu kofin ruwa, kar a jira sai sun nema.